Tarihin Sarki Njoya na Bamun: ya ƙirƙiro haruffa, ya zana ƙasarsa a takarda, ya rasu a baƙon gari

A watan Afrilun 2024 aka buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun a birnin Fumban da ke yammacin Kamaru. An yi ginin da siffar maciji mai kai biyu, ga kuma ƙaton gizo-gizo zaune a samansa. Baƙi sukan tsaya ɗaukar hoto a waje, amma dukiyar gidan tana ciki: karagu, ganguna, makamai, sai kuma takardun da aka rubuta da wasu haruffa waɗanda ba na Larabci ba ne, ba kuma na boko ba. Wanda ya ƙirƙiro haruffan shi ne Sarki Ibrahim Njoya, sarki na 17 a jerin sarakunan Bamun, wanda ya rasu a 1933.

Mutanen arewacin Kamaru da yawa sun san sunansa daga littafin tarihi na makaranta kawai, suna ɗaukarsa sarkin wata ƙasa ta kudu da ba ta shafe su ba. Alhali kuwa dawakin Banyo ne suka tsare masa gadon sarauta, a hannun Hausawa da Fulani ya fara ganin allo da tawada, kuma tufar da ta fi daraja a fadojin yankinsu tana da alaƙa da marinar Garwa.

Maraya a kan gado

Bisa tarihin da Bamun suke bayarwa, wani ɗan sarki mai suna Nshare Yen ne ya taso daga ƙasar Tikar ya kafa masarautar, suna kuma ƙidaya farkonta daga 1394. Sarkinsu ana kiransa Mfon. Mahaifin Njoya shi ne Sarki Nsangu, wanda ya fita yaƙi da mutanen Nso a shekarun 1880, aka kashe shi a fagen fama, abokan gaba suka tafi da kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bamun, domin a al'adarsu ana adana kawunan sarakunan da suka shuɗe a fada, kuma magajin da ba ya riƙe da kan mahaifinsa sarautarsa tana da tawaya a idon jama'a.

Njoya yana yaro ƙarami lokacin. Mahaifiyarsa Njapndunke ce ta riƙe masa ƙasa tare da wani babban bafade mai suna Gbetnkom. Mace ce mai ƙarfin hali, wadda ake shakkarta a fada har zuwa rasuwarta a 1913. To amma mai riƙon ƙwarya idan ya ɗanɗana mulki, sakinsa yakan yi wuya. Da yaron ya fara tasawa, sai Gbetnkom ya fice daga birni ya tara mayaƙa, da nufin ɗora wani a kan gado. Yaƙin basasa ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1890, aka yi wa Fumban ƙawanya, yunwa ta shiga gari.

Dawakin Banyo

A nan ne matashin sarkin ya yi abin da manyan fadarsa ba su so ba: ya aika neman gudummawa wurin Lamiɗon Banyo, Umaru. Dalilin ƙin nasu a fili yake. Shekaru da yawa kafin nan mahayan Fulani sun sha kai hari ƙasar Bamun, kuma saboda su ne Sarki Mbuembue ya haƙa ganuwa ya kewaye Fumban. Kiran tsohon abokin gaba cikin gida kasada ce. Njoya ya yi kasadar, Lamiɗo ya turo dawaki, aka fatattaki 'yan tawaye.

Gudummawar ba kyauta ba ce. Njoya ya biya da dukiya mai yawa, ciki har da mutanen da aka kama a yaƙin, waɗanda aka kora arewa a matsayin bayi. Duk mai yabon Njoya ya kamata ya ajiye wannan a gefen ransa, domin wasu gidajen Bamun sun rasa 'ya'yansu ne a wannan ciniki.

Abin da ya ɗauki hankalin sarkin ba dawakin kaɗai ba ne. Ya ga mayaƙan suna salla kafin su hau, ya ga malamansu suna rubutu a allo suna wankewa ana sha, ya ga layu a wuyan mutane da na dawaki. Ya kuma lura cewa mutum zai iya aika magana wata uwa duniya ba tare da ɗan aike ya ƙara ko ya rage ba. Da ma akwai fataken Hausawa da ke zuwa Fumban sayen goro da hauren giwa, har suna da unguwarsu. Daga wannan lokaci sarki da fadawansa suka fara sa riga da rawani, aka gina masallaci, littattafan Larabci suka shigo fada.

Mafarki da allo

Wani sarkin da sai ya tsaya nan, ya ɗauki malami ya riƙa rubuta masa wasiƙa da Larabci ko ajami kamar yadda ake yi a fadojin Adamawa. Shi Njoya so ya yi harshen Bamun ya samu nasa rubutun. Labarin da aka adana a fada ya nuna cewa a wajajen 1896 ya yi mafarki, aka umarce shi ya zana hannun mutum a allo, ya wanke ya sha. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan rubutun sha ne. Da gari ya waye sai ya tara fadawa, ya ce kowa ya zano masa abubuwa ya faɗi sunansu. Daga cikin waɗanda suka fi taimaka masa akwai Nji Mama.

Rubutun farko hotuna ne zalla, kusan 500. Kana son rubuta tsuntsu, sai ka zana tsuntsu. Matsalar irin wannan rubutu duk malamin aji zai gane ta: yaushe yaro zai haddace alamomi ɗari biyar, kuma yaya za a zana haƙuri ko jiya? Sai sarkin ya dinga gyara, yana zubar da wasu alamomin, yana sauya aikin wasu. Alamar da a da take nufin abu, sai ta koma tana nufin sautin sunan abin. Ka ga ke nan alama ɗaya za ta yi aiki a kalmomi da yawa. Aka yi ta ragewa zubi bayan zubi, har zuwa wajajen 1910 da aka tsaya a kan alamomi 80, kowace tana wakiltar gaɓa. Ana kiran wannan tsari a-ka-u-ku, daga sunayen alamomi huɗu na farko, kamar dai yadda muke cewa abajada. Daga hagu zuwa dama ake rubuta shi, kuma yana da nasa alƙaluman lissafi.

Tafiyar da rubutu ya yi daga hoto zuwa sauti a wasu ƙasashen duniya ta ɗauki ɗaruruwan shekaru. A Fumban an yi ta cikin shekara goma sha, a gaban idon mutum ɗaya, kuma takardun kowane mataki suna nan.

Bai bar rubutun a matsayin kayan ado ba. Ya buɗe makaranta a fada, waɗanda suka ƙware suka fita suka buɗe wasu a sassan ƙasar. Aka fara rubuta hukuncin shari'a, da haihuwa da aure da mutuwa. Ya sa aka tattara tarihi da al'adun Bamun a littafi mai shafi sama da 500, wanda aka buga fassararsa da Faransanci a 1952. Akwai littafin magunguna da aka tattaro daga bakin masu maganin gargajiya, akwai na tatsuniyoyi, har da na zamantakewar aure. Ya kuma ƙirƙiro wani harshe na fada mai suna Shumom, wanda ya harhaɗa daga kalmomin harsuna daban-daban.

Zuwan Jamusawa

A watan Yulin 1902 Jamusawa suka iso Fumban. Kafin nan labari ya riga su zuwa. Tibati ta faɗi a 1899. A ƙarshen 1901 an ci rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola a Garwa, a farkon 1902 aka sake cin ta a Marwa. A wannan shekara kuma Lamiɗo Umaru na Banyo, wanda ya cece shi, ya rasa ransa a hannunsu. Idan dawakin da suka fi ƙarfin Gbetnkom ba su tsaya wa bindiga mai ruwa ba, ina ga mashin Bamun? Njoya ya hana mutanensa ɗaga makami, ya karɓi baƙin da kyauta.

Wannan siyasa ta yi masa rana. Jamusawa suka bar shi da ikonsa a cikin gida. A 1906 mayaƙansa suka bi su yaƙin Nso, aka karɓo kan mahaifinsa aka dawo da shi Fumban bayan kusan shekara ashirin. A shekarar ce kuma 'yan mishan na Basel suka buɗe makaranta a garin. Ya bar yara su shiga, shi ma yana zama da su yana tambaya, amma bai rufe makarantunsa ba.

A 1908 ya tafi Buea, hedikwatar mulkin Jamus, ya miƙa kyautar karagar mulki ga Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Karagar, wadda ake kira Mandu Yenu, an lulluɓe ta da duwatsun ado da wuri, kuma tana birnin Balin har gobe. Ana ta muhawara a kanta: kyauta ce ta son rai, ko kuwa irin kyautar da mai rauni yake ba mai ƙarfi don a bar shi ya zauna lafiya? Jamusawa sun daɗe suna nuna kwaɗayinta kafin a ba su, kuma wannan ma amsa ce.

Ƙasa a kan takarda

Turawa sun zo da taswira, kuma Njoya ya gane da wuri cewa wanda ya zana ƙasa shi ne yake faɗin inda iyakarta take. A 1912 ya fita da kansa da ayarin mutum kusan 60, suka zaga ƙasar Bamun suna rubuta sunan kowane ƙauye da rafi da dutse, suna auna tafiya da agogo. Aka ƙarasa aikin a 1920. Taswirar da ta fito ana kiranta Lewa Ngu, wato littafin ƙasa. An sa birnin Fumban da ganuwarsa a tsakiya, an faɗaɗa shi fiye da girmansa, koguna sun kewaye ƙasar kamar katanga, sunayen wurare kuma duk da haruffan Bamun. Taswira ce, kuma hujja ce: ƙasar nan tana da mai ita, ga shaida a rubuce.

Daga wannan aiki na rubutu da taswira wata sabuwar sana'a ta tsiro a fada, wato zane a takarda. Bamun sun daɗe da sanin sassaƙa da ƙira da aikin duwatsun ado, amma fensir da tawada da takarda sababbi ne. Gwanin wannan fage wani ɗan'uwan sarki ne, takwaransa kuma, Ibrahim Njoya mai zane, wanda ya rasu a 1962. Kada mai karatu ya haɗa su, mutum biyu ne. Shi mai zanen ya shahara da jerin hotunan sarakunan Bamun tun daga Nshare Yen, kowane a cikin ɗan gidansa, Sarki Njoya a tsakiya da rawani. Ya zana yaƙe-yaƙe da bukukuwa, ya kuma zana tatsuniyoyi hoto bayan hoto, shi ya sa ake lissafa shi cikin waɗanda suka fara labarin zane a Kamaru.

Wanda bai san alamomin ba zai ɗauka ado ne kawai ya cika gefen takardun. Ba haka ba ne, kowace alama magana ce. Maciji mai kai biyu yana tuna Sarki Mbuembue da ya yi yaƙi ta fuska biyu a lokaci ɗaya. Gizo-gizon ƙasa alamar hikima ce, domin da shi masu duba suke aiki. Kwaɗo yana nufin yawan zuriya. Ƙuge mai baki biyu kuwa kiran jama'a ne zuwa yaƙi. A Faransa ma, a kusan wannan zamani, akwai masu zanen da suka bar kwaikwayon abin da ido yake gani suka koma zana mafarki da alama, irin su Odilon Redon, wanda ya zana wani gizo-gizo mai murmushi da gawayi a 1881. Bambancin shi ne gizon Redon daga zuciyarsa shi kaɗai ya fito, mai kallo sai ya yi ta hasashe. Gizon Fumban kuwa duk ɗan gari ya san abin da yake faɗa.

Waɗannan zane-zane sun bazu a duniya. Wani ɗan mishan mai suna Jean Rusillon ya kai da yawa birnin Janeba, suna gidan tarihin al'adu na can, kuma a 1997 an yi baje kolin zanen Bamun a birnin Marsai na Faransa.

Ga kuma inda Garwa ta shigo. Akwai wata tufa ta shuni mai farin zane da ake kira ndop, wadda sarakunan tsaunukan yammacin Kamaru suke kewaye dandali da ita ranar biki ko makoki. Asalinta daga Wukari ne, fataken Hausawa suke kawo ta. Njoya ya sa aka haƙa rijiyoyin rini a fadarsa, ya jawo masaƙa da marina, masu zanensa suna fitar da alamomin a jikin farin ƙyalle kafin a ɗinke a tsoma a baba. Daga baya sana'ar ta zama ta haɗin gwiwa tsakanin arewa da yamma: a saƙa sawaye a yankin Garwa, a kai ƙasar Bamileke a zana a ɗinke, a dawo da shi Garwa a rina, sannan a sake mayar da shi a warware ɗinkin. Tufar sarautar yamma ke nan, amma audugar da shunin namu ne.

Tsakanin masallaci da coci

Batun addininsa ba a miƙe yake ba. Ya karɓi Musulunci bayan yaƙin Gbetnkom. Zamanin Jamusawa ya karkata ga 'yan mishan, amma bai yarda an yi masa baftisma ba, domin sharaɗin shi ne ya saki matansa ya bar ɗaya, alhali auren sarki a Bamun shi ne igiyar da ta ɗaure manyan gidaje da fada. Bayan tafiyar Jamusawa, a wajajen 1916, ya rubuta wani littafin addini nasa na kansa, inda ya gauraya abin da ya ɗauko daga Musulunci da Kiristanci da al'adar Bamun. Wannan hanya ba ta yi nisa ba, kuma ba abin da malami zai amince da shi ba ne. A ƙarshe ya dawo ga Musulunci, ya ɗauki laƙabin Sultan, wanda magadansa suke amfani da shi har yau. Mafi yawan Bamun a yanzu Musulmi ne.

Faransawa da ƙarshen mulki

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sauya komai. Garwa ta faɗi hannun Ingilishi da Faransawa a watan Yunin 1915, a ƙarshen shekarar sojojin Ingila suka shiga Fumban, a 1916 kuma aka miƙa yankin ga Faransa. Sababbin masu mulki suna kallon Njoya a matsayin abokin Jamus. Ba su kuma son sarkin da yake da makarantunsa, da kotunsa, da rubutun da jami'insu ba ya iya karantawa.

Duk da haka bai daina aiki ba. Tsohuwar fadar ta ƙone a 1913, sai ya fara gina sabuwa a 1917 da jan bulo, hawa uku, wadda take tsaye har yanzu a tsakiyar Fumban. Ya sa aka ƙera injin niƙan masara. Ya sa wani maƙeri mai suna Kpumie Pinu ya zuba haruffan Bamun da tagulla don a samu injin buga littafi, aikin da ya ci shekara bakwai. Rikici da Faransawa ya cinye wannan buri, ba a kai ga buga littattafan ba.

A cikin gida ma yana da masu adawa. Babbansu shi ne Mose Yeyap, ɗan gidan sarauta ne, Kirista, kuma tafintan Faransawa. Ya kamata a faɗi gaskiya: akwai talakawa da bayi da suka ga raguwar ikon fada a matsayin sauƙi, domin harajin sarki da aikin tilas ba wasa ba ne. Faransawa suka yi amfani da wannan ɓaraka. A 1924 suka raba ƙasar ga wasu hakimai da suka naɗa da kansu, suka hana kai wa sarki haraji, suka dakatar da bikin Nguon, inda jama'a suke taruwa a yi wa sarki hisabi. Makarantun a-ka-u-ku suka mutu ɗaya bayan ɗaya, domin takardar Faransanci ce kaɗai take kai yaro ga aiki.

Njoya ya koma gonarsa a Mantum. A 1931 aka ɗauke shi zuwa Yawunde, aka hana shi komawa gida. A can ya rasu ranar 30 ga Mayun 1933. Aka kawo gawarsa Fumban, ɗansa Seidu Njimoluh ya gaje shi, ya yi mulki har 1992.

Abin da ya rage

Sarautar da Faransawa suka so kashewa tana nan. Bayan Seidu an yi Ibrahim Mbombo Njoya har 2021, yanzu kuma Nabil Mbombo Njoya ne a kan gado. Bikin Nguon ya dawo, a 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Dubban takardun fada an ɗauki hotonsu an adana, kuma tun 2009 haruffan Bamun suka shiga tsarin Unicode, wato ana iya buga su a kwamfuta da waya.

Sai dai masu karanta rubutun a yau kaɗan ne ƙwarai. Ana koyar da shi a fada, ana ganinsa a allunan kan titi da jikin kayan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, amma ba shi ne yaron Fumban yake rubuta wa mahaifiyarsa saƙo da shi ba. Ba wuta ce ta ci shi ba, ba kuma yaƙi ba. Rufe aji ne ya kashe shi, cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Garwa da Marwa da Ngaundere akwai gidajen malamai da ke da akwatunan takardun ajami na Fulatanci da Hausa, wasiƙu da waƙoƙi da lissafin fatauci, waɗanda jikokin masu su ba sa iya karantawa. Gara da ɗamshi suna aikinsu a hankali. Takardun Njoya sun tsira ne domin an samu waɗanda suka ɓoye su, aka kuma samu 'yan tsirarun dattawa da suka riƙe karatun har masu ɗaukar hoto suka iso. Namu dattawan da suka iya karanta na gidajenmu suna raye tukuna.

Allah ya jiƙan Sarki Njoya, ya gafarta masa kurakuransa.